Garken Baba Jibo

"Buɗe baki, Huseina. Kurɓi guda dai, don Allah."

Juwairiyya na durƙushe a kan tabarma da kofin roba a hannu. Ta kai shi bakin yarinyar, ita kuwa ta datse haƙora ta kau da kai, ruwan ya bi haɓarta ya jiƙa gaban rigarta. Ba ta yi kuka ba. Da ma kukan ta yi, da Juwairiyya ta ɗan ji sanyi, domin yaron da ke kuka da sauran ƙarfinsa. Shekarar Huseina uku, amma tun da aka dawo da ita gidan renon nan ba wanda ya ji muryarta. Leɓɓanta sun tsattsage, idanunta sun faɗa. Ga shi bazara ta kai bazara a Gusau, kwanon rufin baranda har ƙara yake yi don zafi.

"Ki ƙyale ta, Malama," in ji Iya Asabe, dattijuwar da ke dafa wa yaran abinci, tana fifita da faifai. "Tagwaye ba a iya masu. Wadda tat tahi ita ka kiran wagga."

"Iya, ki bar hwaɗin haka, don girman Allah!"

Da zafi ta faɗa, don abin da take tsoro ke nan ta kasa furtawa.

Huseina ta zame daga hannunta, ta tafi inda take tsayawa kullum, wato gaban bangon baranda. A jikin bangon nan akwai jerin ƙusoshi daidai tsayin yaro, kowace da kofi a rataye, a saman kowace kuma an kafa ɗan allon katako kamar tafin hannun babba. Kowane allo da sunan mai shi, a ƙarƙashin sunan kuma an zana saniya, ba kuwa biyu da suka yi kama. A cikin yaran ba wanda ya san harafi ko ɗaya, amma ko daga barci aka tashe su kowa zai nufi saniyarsa ya ɗauko kofinsa. A allon Huseina 'yar maraƙa ce fara, ta miƙa wuya dama kamar za ta shinshini wani abu. A daman kuwa babu komai sai ramin ƙusa da shatin inda wani allo ya taɓa zama.

Nan allon Hassana yake a da. Ƙyanda ce ta kwantar da tagwayen tare, Huseina ta tashi, Hassana ba ta tashi ba. Ranar da uwarsu Bara'atu, mai buga tafireta a wata ma'aikata, ta dawo da wadda ta rage, da hannunta ta ɓanɓare allon ta jefa shi cikin murhun Iya Asabe. "Ba ni son idona ya sake hwaɗa wa sunan ga, Malama," ta ce. "Ita ma in ba ta gani ba, za ta manta." Juwairiyya ba ta hana ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma ita ma a lokacin gani ta yi tausayi ne a kawar da abin daga idon yarinya. A gida ma haka aka yi, aka kwashe riguna da takalma aka bayar, sunan kuma kowa ya haɗiye shi.

To, mantawar ce ba a gani ba. Huseina ta rufe baki ga ruwa, sai an danne ta an ɗura mata da cokali, rabi ya shiga rabi ya zube. An kai ta asibiti an yi mata ƙarin ruwa, ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Likita ya gaya wa Bara'atu gaskiya, cewa jikin da ƙyanda ta riga ta cinye ba zai jure wannan ba a irin wannan zafi. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi, ga shi kuwa ana kallon na Huseina yana yanƙwanewa a hannu.

Shanun bangon nan aikin maƙwabcin Juwairiyya ne, Baba Jibo, wanda katanga ɗaya ta raba gidansa da nata a Sabon Gari. Bafulatani ne daga wata ruga a bayan Nahuce, can ƙasar Bunguɗu. Annobar shanun da aka yi a farkon shekarun tamanin ta share masa garke tas, ya fito da sandarsa kawai da matarsa Inna Amina. A tashar Tsafe ya fara wanke wa wani mai zanen manyan motoci buroshi, har hannunsa ya faɗa, ya koyi boko a jikin bodin mota yana da furfura. Da aka ba Zamfara jiha, Gusau ta zama babban birni, sai ya tare a nan, kasuwarsa ta buɗe, don kowa ya tashi yana son allo, har mai ƙosan bakin titi sai da ta sa aka rubuta mata nata. Wannan guguwar ce kuma ta kwaso ma'aikata daga Sakkwato, ciki har da mata masu goyo da ba su da inda za su bar 'ya'yansu. Juwairiyya, tsohuwar malamar firamare, ta share barandarta ta buɗe wurin reno. Allon ƙofar gidan ma shi ya rubuta, haruffan da 'yan lanƙwasa a kai kamar ƙahonni.

Da ta je masa da maganar allunan suna, furanni da ƙwallo ta so ya zana, irin na littattafan makaranta. Ya ce, "Malama, ni abin da nis sani nika zanawa." Ta ba shi sunayen, ya ce sunaye su jira, sai ya ga masu su. Haka ya riƙa ɗauko 'yar kujerarsa da hantsi, ya zauna a gindin darbejiyar tsakar gida, ya tokare haɓa da sanda yana kallon yara. Juwairiyya har ta fara ƙorafi a ranta, wai aikin da wani zai gama kafin azahar shi ne tsoho ya mayar da shi kiwo. Amma da allunan suka fara fitowa sai ta daina ƙorafi. Bashar, sarkin neman faɗa, ya samu jan bijimi mai karyayyen ƙaho. Tajuddeen, wanda ko a tsaye barci yake yi, ya samu saniya a kwance tana tuƙa. Iyaye suka yi ta dariya, kowa na cewa wallahi ɗansa ne sak. Su tagwaye kuwa katako ɗaya ya raba biyu, ya zana musu 'yan maruƙa farare, hanci na taɓa hanci.

Tun sanyin da ya wuce Baba Jibo ke kwance. Ƙirji ne, warin fenti da fetur na shekara da shekaru ya taru ya nemi hakkinsa, ga kuma rawar hannu da ta kai sai Inna Amina ce ke ba shi koko a baki. Ranar nan da la'asar, bayan an kwashe yara, Juwairiyya ta yafa gyale ta shiga gaishe shi. Ta same shi a jingine da bango, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, numfashinsa na fita da ƙara.

"Malama ta? Shigo. Ya garkena?"

"Lahiya lau, Baba. Ya ƙarhin jiki?"

"Jiki ya gode Allah. Amma garke ba lahiya lau ba, kar ki rufe ni. Kunnena bai mutu ba, ta kan katanga nika kiwo yanzu. Murya guda an ce mani Allah ya amshi abinai, na yi mata addu'a. To ɗayar hwa? Ba ni jin ta."

Juwairiyya ta yi niyyar daurewa, sai hawaye suka riga ta. Ta zauna a bakin tabarma ta kwashe komai ta gaya masa, har da maganar likita. Ya saurara idonsa a rufe, hannayensa na ta kakkarwa a kan cinyarsa.

"Wa ka ba ta ruwan?"

"Ni, ko Iya Asabe. A gida kuma uwatta."

"Wa ka sha kahin ta?"

Ta dube shi, ba ta gane ba.

"Ke kina tsakiyar hayaniya, wanga ya hwaɗi, wancan ya yi hitsari, ba ki da idon gani. Ni ko zaune nike. Ɗiyag ga ban taɓa ganin ta kai kohi bakinta ba sai Hassana ta sha. Ko nata kohin na, sai ta miƙa wa yayatta ta kurɓa, kana ita ta sha. Malama, ba ƙin ruwa taka yi ba. Jira taka yi."

Abin ya dawo wa Juwairiyya tar kamar yanzu ake yi: yara sun yi cincirindo a gindin randa, 'yan biyun nan a gefe, ƙaramar ta ɗaga kofi da hannu biyu tana ba babbar. Sau nawa ta gani? Kullum ta gani, amma ba ta taɓa kallo ba. Yarinya ashe ladabi take yi, ƙishirwa na cin ta tana jiran yayarta ta fara, su kuwa manya sun taru suna danne ta da cokali.

"Mu can ruga," in ji Baba Jibo, yana tsayawa yana jan numfashi, "in maraƙi ya mutu, nagge takan riƙe nononta. Ka yi ta tatsa har gobe, ko ɗigo. To ba mu ɓoye mata ɗanta. Heɗe shi muka yi, mu cusa wa hwatar ciyawa, mu tsaida ita gabanta. Ta shinshina, ta lasa, sai ki ga nono ya sauko. Ba wai ba ta san ya mutu ba, nagge ba wawuya ba ta. Wuri dai taka so da za ta kai harshenta. Ku ko kun kwashe komi, kun bar ɗiya da bango. Tashi ki ɗauko mani allon Hassana."

"An ƙone shi, Baba."

Ya lumshe ido, har ta zaci barci ne ya ɗauke shi. Can ya buɗe ido ya juya wajen matarsa, wadda ke bakin ƙofa tana tsince shinkafa.

"Amina, gobe da hantsi ki hiddo mani gwangwanayena."

Inna Amina ta dire faifan. "Kai da cokali ya gagara? Likita bai ce ko warin abin ga kar ka sake shaƙa ba? So kaka yi ka kashe kanka?"

"Mai kashewa na nan tahe, ba shi bukatar taimakona."

"Baba, ko ka yi, uwar ba ta yarda," in ji Juwairiyya. "Ta ce ba ta son ganin sunan."

"Suna tac ce? To ba mu rubuta suna. Ɗiya ba suna taka karantawa ba."

Washegari Juwairiyya ta bar yara a hannun Iya Asabe ta shigo. An shimfiɗa masa tabarma a rumfar da yake aiki, an tokare bayansa da buhun dusa. Inna Amina ta jera masa gwangwanayen madara da yake dama fenti a ciki, fuskarta a murtuke, amma ba abin da ta manta, har kwalbar kananzir da tsumma. Ya sa aka zazzage kwandon guntayen katako, ya yi ta lalube har ya zaro wani. Ragowar katakon da ya yanka wa tagwayen ne, ya ajiye shi tun wancan lokaci, don shi ba ya yar da guntu. Buroshinsa ma ba na kanti ba ne, gashin jelar saniya ne ya ɗaure a bakin tsinke da zare.

"In ciro maka na Huseina ka gwada, don su yi daidai?" ta tambaya.

"Bar mata abinta. Makiyayi ba shi manta maraƙin da anka haihwa hannunai."

Ya ɗauki buroshi, sai hannu ya ce bai san zance ba. Kafin ya kai bakin gwangwani tsinken ya yi ta bugun ƙarfen, kaf-kaf-kaf, farin fenti ya fantsama a rigarsa da tabarma. Inna Amina ta juya baya tana share ido da gefen zane. Juwairiyya ta ji kamar ta ce a bari, kunya da tausayi suka rufe ta, ta ga ita ce ta jawo wa tsoho wannan tozarci a ƙarshen kwanansa. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce a miƙo masa sandarsa, tsohuwar sandar kiwon nan da ta yi baƙi don riƙo. Ya kafa kanta a ƙasa, ya gitta ta a saman allon, ya ɗora wuyan hannunsa a kai. Ya yi bisimilla, ya ja numfashi ya riƙe.

Abin da Juwairiyya ta gani daga nan, har ta tsufa in tana ba da labarinsa sai ta rage murya. Gashin buroshin na taɓa katako, rawar ta tsaya cak. Hannun da ya kasa kai cokali baki ya ja layi ɗaya tun daga ƙeya har gindin jela, bai karkace ba, bai tsaya ba, sai ga gadon bayan maraƙa ya fito. Ya ɗaga, hannu ya koma rawa, ya yi tari har ya dunƙule. Ya huta, ya sake riƙe numfashi, ya sake saukewa, rawar ta sake ɗaukewa kamar an hure fitila. Haka ya yi ta yi, kowane layi da numfashinsa, kuma ta lura kowane numfashi ya fi na bayansa gajarta. A hankali yake wani ɗan sauti a maƙogwaro, irin wanda makiyaya ke yi in suna kiran dabba ta matso. Ita kuwa maraƙar sai matsowa take yi: ƙafafu sirara, kunne ɗaya a tsaye da ɗigon baƙi a bakinsa, wuya a miƙe hagu. Juwairiyya ta ga mutane da yawa suna aiki a rayuwarta, amma ba ta taɓa ganin mutum yana ɗebo ransa da kansa yana shafa wa katako ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ke kama mutum in hadari ya haɗu ya yi shiru. Ba ta san lokacin da ta fara salati a zuci ba.

Ido ya bari ƙarshe. Ya ɗiga baƙi, ya jira, ya ɗiga ɗan fari a cikinsa, sai maraƙar ta dube su. Wurin suna ya bar shi fili, ya dai kewaye allon da siririn layi mai lanƙwasa a kusurwa, kamar na sauran. Buroshin ya suɓuce ya faɗi a tabarma, bai ko bi shi da kallo ba.

"Ɗauki ki kai. Riƙe ta gehe."

"Bai bushe ba, Baba."

"Ya bushe can. Ɗiya na jin ƙishirwa."

Ta fito da allon a tafin hannu kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta samo guduma, ta mayar da ƙusa a tsohon raminta. Da ta ja baya ta duba sai gudumar ta kusa faɗo mata a ƙafa: hancin sabuwar maraƙar ya sauka daidai kan hancin ta Huseina, ko tsinke ba zai shiga tsakani ba, alhali rabon tsohon da ya ga bangon nan tun kafin ya kwanta.

Yara suka taru. Bashar ya daka tsalle ya ce, "Saniyar Hassana ta dawo!" Iya Asabe ta kai hannu za ta toshe masa baki, Juwairiyya ta girgiza mata kai. Rabon da a ambaci sunan nan a gidan tun ranar rasuwa. Huseina ta matso ta tsaya, ta ƙura wa allon ido. Juwairiyya ta ɗebo ruwa a randa ta sa mata kofin a hannu, ta karɓa ta rungume a ƙirji. Suka tsaya a kanta, ita da Iya da yara duka, ana jira. Ba ta sha ba. Rana ta take tsaka, aka ci abinci, aka kwantar da yara, tana nan tsaye da kofi. Juwairiyya ta ce a ranta shi ke nan, an ƙarar da tsoho a banza.

Bayan azahar Inna Amina ta ƙwala mata kira ta kan katanga, da irin muryar da ba a tambayar dalili. Ta same shi an mayar da shi ɗaki, an juya shi dama, farin fenti na nan a yatsunsa. Ya ji shigowarta.

"Ta sha?"

Ƙarya ta zo mata har bakin harshe. Me zai ragu in ta ce ta sha, tsoho ya tafi da farin ciki? Amma mutumin da ke kiwo da kunne ta kan katanga ba a yi masa wannan.

"Ba ta sha ba tukuna, Baba. Ta dai amshi kohin ta riƙe."

Sai ta ga ya yi murmushi.

"Ta riƙe? To shinshinawa taka yi. Ku ba ta wuri. Kar ku tsaya mata a kai, nagge ba ta lasa ana kallo."

Bai sake wata maganar duniya ba. Inna Amina ta matso kusa da kunnensa tana kalmar shahada, leɓɓansa na bin ta, har suka daina motsi. Hannun nan da ya yi wata da watanni yana rawa ya kwanta a kan tabarma shiru. Inna Amina ta shafa masa ido ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta kuma faɗa, sannan kukan ya zo.

Kafin la'asar layin ya cika. Labari ya kai tasha, direbobi da 'yan kamasho suka zo, har wasu manyan motocin Tsafe da suka sauke hatsi suka jeru a bakin titi, zanensa da rubutunsa a bayansu. Juwairiyya ta leƙa ta ƙofa ta ga abin da ba ta taɓa lura da shi ba: allon mai kemis, na tela, na mai gyaran rediyo, na mai ƙosai, duk hannu ɗaya ne. Mutum ya zo garin nan da sanda kaɗai, ga shi za a fitar da shi ta tsakiyar rubutunsa.

Cikin wannan taro Bara'atu ta kutso, ta taso daga aiki za ta ɗauki 'yarta. Iya Asabe da sauran yaran duk sun tattaru a zaure suna leƙen waje, Juwairiyya ta tare ta a nan suka shigo tsakar gida tare. Tana ɗaga ido ta hango bangon, ta tsaya kamar an kafe ta.

"Malama, mi nic ce maki?"

"Ba suna, Bara'atu. Diba da kyau, ba suna."

"Da suna da ba suna, ni ban san ko ta wa ta ba? Wa ya sa ki? Wa ya yi shi?"

"Wanda za a ɗauka yanzu. Shi na aikinai na ƙarshe."

Bara'atu ta ɗan yi turus, amma zafin da ke cinta ya fi ƙarfinta, ta yar da jaka ta nufi baranda. Juwairiyya ta cafke wuyan hannunta, abin da ba ta taɓa yi wa uwar wani yaro ba.

"Tsaya nan. Don Allah kar ki matsa, kar ki yi magana."

Huseina ita kaɗai ce a barandar, ta ba su baya, ba ta san da kowa ba. A waje aka ɗaga makara, salatin maza ya tashi gaba ɗaya. Yarinyar ta matsa jikin bango, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ta ɗaga kofin da hannu biyu har bakinsa ya taɓa bakin sabuwar maraƙar. Ta karkata shi kaɗan, ruwa ya gangaro ta jikin bango. Ta jira, kamar yadda ta saba jira. Sannan ta sauke kofin ta kafa kai.

Daga inda suke tsaye suna jin wucewar ruwan a maƙogwaronta. Ba ta ɗago ba sai da ta shanye, ta yi ajiyar zuciya, ta juyo tana neman mutum. Ta ga uwarta, ta miƙa mata kofin.

"Ƙara," ta ce, muryar a dishe. "Hassana ta sha."

Bara'atu ta zube a ƙasa ta toshe baki da gyale. Juwairiyya ce ta karɓi kofin ta nufi randa, tana tafe tana kallon katangar da ba mai saurare a bayanta yanzu. Salatin ya yi nisa, ya karya kwana ya nufi maƙabarta. Da ta buɗe randar za ta ɗiba, sai ta ga ɗan farin fenti a bakin kofin, bai gama bushewa ba. Ta kai babban yatsa za ta goge, sai ta fasa, ta cika shi ta kai mata haka nan.